Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Wuraren Wasan Yara Na Kano: A Duba Lilo Kafin Sallah Ta Zo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai da Hajiyoyi masu wuraren wasan yara, da ku jami'an da ke sa hannu a takardun izininsu, ina gaishe ku, Allah ya yi wa sana'arku albarka. Ni dattijo ne da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen gyaran injuna a wata masana'anta a Bompai, har lokacin ajiye sifana ya yi. Yanzu jikoki ne aikina. Duk Sallah, washegarin idi, zan tarar da su tsaye a ƙofar ɗakina cikin sababbin kaya, da lalle a hannun 'yan matan, suna cewa, "Kaka, yau fa ranar lilo ce." Ban taɓa ƙin kai su ba. Yaron da ya tashi a lungu, inda filin ƙwallonsa ma an yanka shi an yi shaguna, idan ya hau babban lilo ya hango rufin gidajen Kano daga sama, murnar da yake yi ba ta sayuwa a kasuwa. Ku kuka zuba dukiyarku kuka samar masa da wannan, kuma na san dizal da kayan gyaran da ake saye da dala ba su bar ku kun huta ba. Saboda haka da girmamawa nake rubuto muku.

A Sallar da ta wuce na ga abin da ya hana ni barci. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don ban zo tozarta kowa ba. Muna kan layin lilon nan mai kujeru rataye da sarƙa, wanda idan ya ɗau gudu yake watsa kujerun waje kamar majajjawa, ni da jikata 'yar shekara bakwai. Tun kafin mu matso kunnena ya kama wani kuka, ƙiiƙ, ƙiiƙ, sau ɗaya a kowane zagaye. Duk wanda ya daɗe da inji ya san kukan boris da ya bushe, ya rabu da giris. Da lilon ya tsaya sai na sunkuya na duba inda sarƙa ta haɗu da kujera. A gurbin ɗan ƙarfen da ke kulle mahaɗar, ƙusa ce aka zira aka lanƙwasa. A kujera ta gaba, bel ɗin ya tsinke an ƙulla shi kamar igiyar guga. A gindin babban ƙarfen kuwa an shafa sabon fenti ja, amma fentin ya kumbura ya yi bororo a kan walda, alamar tsatsa na ci daga ƙasa.

Na tambayi yaron da ke kula da lilon, saurayi ne mai ladabi da bai wuce shekara sha takwas ba. Na ce, "Samari, yaushe rabon a sa wa wannan giris?" Ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba, shekaranjiya aka ɗauke ni saboda Sallah." Na ce, "To idan yaro ya zame, da me za ka tsayar da shi nan take?" Sai ya nuna min wani makunni a jikin bango, taku goma daga inda yake tsaye, kuma mutane sun cika tsakaninsu. Na ja hannun jikata muka fita daga layi. Ta yi kuka har da shessheƙa, na saya mata alewa ta ƙi karɓa, ba ta sake yi min magana ba sai da muka isa gida. Abin da ya fi damuna shi ne, ina juyawa na ga wata uwa tana ɗora 'ya'yanta uku a kan kujerun nan, tana dariya tana ɗaukarsu hoto. Ita ba ta san kukan boris ba, kuma ba aikinta ba ne ta sani. Ta sayi tikiti ne bisa yardar cewa akwai wanda ya duba.

Na san abin da wani zai ce: shekara nawa muna yi, ba abin da ya faru. Haka ma masu wurin wasa na Dreamworld a Ostireliya za su iya cewa kafin ranar 25 ga Oktoba, 2016. Wani wasan kwalekwale ne da ya yi kusan shekara talatin yana aiki. A ranar, famfon da ke turo ruwa ya mutu sau biyu, aka tayar da shi aka ci gaba da ɗaukar mutane. A karo na uku ruwa ya ja baya, wani kwalekwale ya maƙale, na bayansa ya zo ya buge shi ya kife, mutum huɗu suka rasu. Da aka yi bincike sai aka gano yarinyar da ke tsaye a wurin da safiyar ranar aka koya mata aikin, kuma ba ta san maɓallin da ke kusa da ita zai iya tsayar da injin cikin daƙiƙa biyu ba. Ku dubi yadda labarinta ya yi kama da na saurayin da na yi wa tambaya. A 2020 kotu ta ci kamfanin tarar dalar Ostireliya miliyan 3.6.

Wanda ya fi tsaya min a rai, a matsayina na mai aikin ƙarfe, shi ne na jihar Ohayo a Amurka, a watan Yulin 2017. Wani lilo mai suna Fire Ball yana tsakiyar shillo sai jerin kujeru guda ya ɓalle, saurayi ɗan shekara 18 ya rasu, mutum bakwai suka jikkata. An duba lilon kafin a buɗe, ya kuma tsallake binciken. Kamfanin da ya ƙera shi ya bayyana daga baya cewa tsatsa ce ta cinye ƙarfen ta ciki tsawon shekaru 18, har kaurinsa ya ragu, alhali daga waje lafiya lau yake. Ƙarfe mai rami a ciki haka yake yi. Ruwa ya samu 'yar kafa ya shiga ya kwanta, shekara ta bi shekara, ido ba ya gani, fenti kuma ya ƙara rufe asirin. Mu nan muna da damina, ga ƙurar hunturu da ke shiga boris ta zama kamar yashi, ga zafin bazara. Wasu lilunan kuma na hannu ne, sun gama aiki a wata ƙasa kafin a sauke su a nan, wani lokacin ko littafin bayaninsu bai biyo su ba. Ko a ƙarshen Yulin 2025, a wani wurin shaƙatawa da ke Ɗa'ifa a Saudiyya, babban sandan wani lilo ya karye gida biyu da mutane a kai, fiye da mutum ashirin suka ji rauni. Bidiyon ya zagaya wayoyinmu, mun yi salati, muka wuce.

Idan irin wannan ya auku a wurinmu, kalmar farko da za a ji ita ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ƙusar da aka lanƙwasa a gurbin makulli ba ɗauri ba ce.

Babbar buƙatata guda ce, kuma ga hukuma da ku masu wuraren take tare. Kada wani lilo da ke ɗaga mutum daga ƙasa ya yi aiki sai injiniya mai zaman kansa, wanda ba ya cin albashin mai wurin, ya duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara ya sa hannu da lambarsa ta COREN, wato majalisar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Dubawar kuma ta wuce zagayawa da hannu a aljihu. A kwance mahaɗai, a auna kaurin ƙarfe da na'urar da ke aiki da sauti, a fesa ruwan nan mai launi a kan walda wanda ke fito da tsagar da ido ba ya kamawa. Masu wannan aikin muna da su a Najeriya, su ne ke duba bututun mai da tankuna. Ba sai mun ƙirƙiro ma'auni daga sama ba: Turai na da EN 13814, akwai ISO 17842 na duniya, Birtaniya na da tsarin da ke tilasta binciken shekara-shekara, a Jamus kuma ƙungiyoyin bincike masu zaman kansu da ake kira TÜV ke duba irin waɗannan injuna. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, za ta iya taimakawa a ɗauko abin da ya dace da mu. Idan lilo ya tsallake, a liƙa takardar a jikinsa inda kowace uwa za ta gani, da Hausa da Turanci: ranar da aka duba, ranar da za ta ƙare aiki, mutum nawa yake ɗauka, da tsawon yaron da ya isa hawa. A kafa sandar awo a bakin layi. Yaron da bai kai ba, ko ɗan wane ne, a ba shi haƙuri. Lilon da ya faɗi kuwa a sa masa kwaɗo, ko da jajibirin Sallah ne.

Na san kuɗin injiniya zai yi wa ƙaramin wuri nauyi. Ku haɗa kai ku yi ƙungiya, ku ɗauko mutum ɗaya ya zagaye ku duka cikin Sha'aban, ku raba kuɗin. Azumi wata ne da wurarenku ke zama shiru, ya ishe ku yin duk gyaran da ya rubuta.

Tsakanin bincike da bincike kuma sai littafi. A masana'antarmu kowane inji yana da littafinsa, kuma ba a tayar da shi da safe sai makaniki ya rubuta abin da ya duba ya sa hannu: noti, sarƙa, burki, giris, bel. Littafin ɗan makaranta ma ya isa. Kafin yaro na farko ya hau, a juya lilon babu kowa, sannan a ɗora buhunan yashi a sake juyawa. Idan inji ya tsaya da kansa, kada a tayar da shi sai an gano dalili. A wurin wasa na Alton Towers a Ingila, a watan Yunin 2015, kwamfuta ta tsayar da jirgin wasa mai gudu a kan dogo, da mutane a ciki, saboda akwai wani taragon da babu kowa ya maƙale a kan hanya, ma'aikata suka zaci kuskurenta ne suka sake shi da hannu, ya je ya buge taragon. 'Yan mata biyu suka rasa ƙafa, kamfanin ya biya tarar fam miliyan 5. Maɓallin tsayarwa kuma ya kasance ja, babba, a ƙarƙashin tafin mai kula da lilo. Ma'aikatan wucin gadi da kuke ɗauka don Sallah, ku ɗauke su da mako biyu kafin nan, su koyi aiki a hannun tsofaffi, a kuma riƙa canja su. Mutumin da ya tsaya a rana tun hantsi har isha'i, hankalinsa ba zai kai kan bel na ɗari biyar ba.

Sai maganar wuta. Kowa ya san za a iya ɗauke ta a kowane lokaci, janareto ma yana shaƙewa. Idan babban lilo ya tsaya da yara a can ƙololuwa, wa zai sauko da su, da me, cikin minti nawa? Ya kamata a ce an gwada wannan tun kafin ranar, tare da 'yan kwana-kwana. Na ga wayoyi a shimfiɗe a ƙasa an naɗe mahaɗarsu da leda, yara na takawa da takalman Sallah. Lilo ƙarfe ne gaba ɗayansa. In babu waya mai saukar da wuta cikin ƙasa da na'urar da ke yanke wuta da zarar ta ɓalle, yayyafi kaɗan ya isa ya jawo musiba. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah na faɗowa ne a farkon damina, lokacin da hadari ke tasowa da iska mai ƙarfi ba sallama. Gidan balan-balan ɗin nan da yara ke tsalle a ciki, wanda ake ganin shi ne mafi sauƙin hatsari, iska ta ɗaga irinsa a wata makaranta a tsibirin Tasmaniya a Disambar 2021, yara shida suka rasu. Ƙa'idar Birtaniya ita ce a kafe shi a wuri shida aƙalla, kuma a sauke yara idan gudun iska ya wuce kilomita 38 a awa. Ɗaure shi da dutse biyu ba kafewa ba ce.

Bari in dawo bakin ƙofa, don a nan zuciyata ta fi bugawa. Ƙofa ɗaya, ta nan ake shiga ta nan ake fita, mai sayar da tikiti na cikin ɗan akurki, iyaye mata da goyo suna turereniya da samari. Ba mu manta da Ibadan ba: ranar 18 ga Disamba, 2024, a wajen wani bikin yara a unguwar Bashorun, turmutsutsu ya ci ran yara 35. Babu lilon da ya karye a ranar, yawan jama'a da ƙuncin mashiga ne. Kowane wuri ya san iyakar mutanen da zai iya ɗauka, a ƙirga masu shiga, in an cika a dakata. A fara sayar da tikiti tun kafin Sallah, a raba shi na safe da na yamma da launi daban. A ware mashiga da mafita, a bar ƙofofin gaggawa ba kwaɗo, da ma'aikaci a tsaye. A sa mata su caje mata. Cajen ma a yi shi da gaske, domin a Lahore ta Pakistan, a watan Maris na 2016, kusa da lilunan yara aka tayar da bam ɗin da ya kashe fiye da mutum 70, kuma mu mutanen Kano ba baƙin irin wannan tashin hankali ba ne. Sai dai a yi shi ta yadda layi ba zai taru a kan titi ba, don taron da ke waje ba shi da kariya ko kaɗan. A can wajen ne kuma masu ƙwacen waya ke jiran magariba. Fitila mai haske, da 'yan sanda ko jami'an sibil difens har zuwa inda ake hawa adaidaita sahu, za su rage wannan.

Ɓatan yara kuwa, duk Sallah sai ka ji lasifika na cigiya. A ɗaura wa kowane ƙaramin yaro ɗan zare ko takarda a hannu da lambar wayar wanda ya kawo shi. A ware rumfa guda mai alama, da mace mai haƙuri a ciki, kuma kada a miƙa yaro ga duk wanda ya ce nasa ne sai an tabbatar. Garin da aka sace wa yara tara aka same su a Anambra a 2019 bai kamata a tuna masa wannan ba. A kusa da rumfar a ajiye ma'aikacin jinya da akwatin magani, a ranakun Sallah kuma da motar asibiti a tsaye.

Yanzu ga abin da ke faranta min rai in na yi tunaninsa. Wurarenmu duk kamarsu ɗaya: hoton ɓeran Amurka da rana ta ƙoɗar a jikin bango, fenti ja da rawaya, kiɗa mai tsaga kunne. Abin da ya sa Disneyland ta yi fice tun buɗe ta a Kalifoniya a 1955 shi ne mai ita ya gina wurin a kan labaran da yaran ƙasarsa suka sani, har ka ji kamar ka shiga cikin labarin. Mu fa wane labari ne ba mu da shi? Lilon dawakin da ke zagayawa, a yi wa dawakin ado irin na hawan daushe, da lifidi da jalala da 'yan kwalkwali, a sa algaita da tambari a madadin kiɗan da ba wanda ya san ma'anarsa. UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya a 2024, amma yaro zai hau doki a tsakiyar Kano ya tarar da shi da kamannin dokin wata ƙasa. Ƙaramin jirgin ƙasan da ke kewaya fili, a mayar da tafiyarsa ta ayarin fatake: ya tashi daga Kurmi, ya ratsa ta ƙofar ganuwa, ya yada zango, ya isa Gwanja a sayo goro, mai tuƙin ya zama madugu yana ba da labari. Ko a nuna isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da dalar gyada a gefen hanya. A kowane ɗakin babban lilo a manna ɗan zane da ke nuna wa yaro inda Dala take da inda Goron Dutse yake. A gina gidan Gizo da Ƙoƙi mai lunguna da ƙananan ƙofofi, da yamma wata gwaggo ta zauna a kan tabarma ta ce "ga ta nan, ga ta nanku". A haƙa 'yar ƙaramar marina irin ta Ƙofar Mata, marar zurfi, yaro ya tsoma ƙyalle a baba ya tafi da shi gida da shuɗin hannunsa. Mashigar wurin a yi mata zankwaye da dagi, a kira maginanmu na gargajiya da masassaƙa da dukawa su yi aikin. Kuɗin da za a kashe a nan naira ce, ba ta bi ta canji ba, kuma wurin zai samu abin da zai jawo makarantu su kawo ɗalibai a tsakiyar zango, maimakon ku zauna jiran Sallah biyu a shekara.

Ku dasa itatuwa, don Allah. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40, zamiyar ƙarfe na ƙona cinyar yaro. Marigayi Audu Baƙo, da ya kafa gidan zu a farkon shekarun 1970, inuwar da aka dasa a lokacin har yau ana shan ta. A yi rumfa a kan layi, ruwan sha, banɗaki mai tsabta na mata daban, wurin alwala da salla, da benci ga irinmu masu ciwon gwiwa. Yara masu keken guragu ma suna son lilo. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba wuraren jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu, wa'adin kuma ya wuce. A ware rana ɗaya bayan Sallah da rangwame ga marayu da almajirai, waɗanda kullum muke gani sun maƙale a jikin waya suna kallon na ciki.

Jikata ta riga ta fara ƙirga watanni. Na yi mata alkawarin za mu koma, har lilon majajjawar da na hana ta. Idan mun zo, zan fara zuwa gindinsa in nemi takardar injiniya, in karanta kwanan watan, in tambayi mai kula da shi ya nuna min jan maɓalli. In na same su, zan ɗora ta da hannuna in ɗaura mata bel.

Wassalam.

Naku,
Wani kaka, tsohon makanikin injuna,
Kano.